Markar da Soro Ya Rufe Mu a Kusfa

Yau kwana huɗu rana ba ta leƙo Birnin Zazzau ba. Ba wani ruwan kirki ake yi ba, marka ce, wannan yayyafi mai naci da ba ya tsawa ba ya walƙiya, sai dai ya yi ta jiƙa gini har ginin ya gaji da tsayuwa. Jiya da la'asar katangar maƙwabtanmu ta zube a lungu, Allah ya taƙaita babu kowa a gindinta. Tun daga nan wayata ba ta huta ba. 'Yar farina ce take bugowa daga Kaduna.

"Yaya, don Allah ki bar ɗakin ƙasar nan ki koma na bulo. Ke dai ba kya jin magana."

Yaya take ce mini, kamar yadda 'ya'yan fari suke yi. Na ce, "Ji mini yarinya! Ke ce za ki koya mini tsoron ɗakin ƙasa?" Ta yi dariya, ni ban yi ba. Matar nan tana da jikoki biyu yanzu, amma har gobe bakina ba ya kama sunanta. Sau ɗaya tak na taɓa kiransa, a cikin wata marka irin wannan, shekara hamsin ke nan ko kusa da haka.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga wankan jego ba. Iyayena manoma ne a gindin dutsen Kufena, aure ne ya kawo ni Kusfa, cikin ganuwa. Maigidana malamin firamare ne, an tura shi wani ƙauye mai nisa, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Mu huɗu ne a gidan: surukina da muke kira Baba, surukata Inna, ni, sai jaririyar, 'yar wata huɗu.

Baba Soja ake ce masa a unguwa, don ya je yaƙin Turawa yana saurayi. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana. Yana da wasu halaye da mutane suke gulmarsu. Ba ya kwana a ɗaki, sai a zaure, kuma rani da damina ƙyauren a buɗe yake, ya tokare shi da wani bututun ƙarfe mai tsawon mutum. A masallaci ba ya wuce sahun bakin ƙofa. Ba ya leƙa rijiya. In an kai gawa, kowa ya san ba a ce wa Baba Soja ya sauka kabari ya karɓa. Cewa ake yi yaƙi ya ɗan taɓa shi.

Wata rana muna tsinkar tafasa na yi ƙarfin hali na tambayi Inna dalili. Ta taɓe baki ta ce, "Wai jirgi ne ya nutse da shi a teku. Wani jirgi da aka ƙera don ya riƙa tafiya ta ƙarƙashin ruwa da gangan. Ke kin ji hankali a nan?" Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi rafin Kubanni ba, sai na sunkuyar da kai ina ƙunshe dariya.

Tsakanina da Baba kuwa kunya ce irin ta da. In na gan shi sai in durƙusa gefe, in kau da kai, in yi gaisuwar da ni kaina ba na jin ta. Shi ma bai taɓa fuskantata da magana ba. Da farko Inna ce 'yar aikenmu. Da jaririya ta zo sai ya samu hanya mai sauƙi. Kun san wasan kaka da jika, Amarya yake ce mata, shi ne angon. Sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya: "Amarya, gaya wa mutanen ɗakinku miyar jiya ta yi gishiri." Ni kuma ina ɗaki ina ji, gobe in rage.

Kafin ruwa ya sauka, kowane gida yakan yi gayyar yaɓe. Mazan lungu su taru su kwaɓa ƙasa da ƙafa, a ɗebo katsi daga marina, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, a shafe kan soraye da shi don kada ruwa ya ratsa. Mu mata mu dama musu kunu. Shekarar nan ruwa ya yi sammako. An gama zaure da ɗakin Inna, ana shirin hawa nawa hadari ya taso, kowa ya gudu gona don shuka. Malam Isiyaku magini ya bubbuga bangon da tafin hannu ya ce, "Wannan ai soron amarya ne, bara waccan na gina shi. Ko ba yaɓe zai kai baɗi." Baba dai ya daɗe yana kallon saman.

Daminar ta zo da yunwa. Bara ba a samu amfani ba, hatsin gida ya ƙare tun ana noman fari, geron bana kuma yana gona bai nuna ba. Tuwo sau ɗaya muke yi, da yamma. Da rana sai kwaɗon tafasa ko rama, da ɗan ƙuli-ƙulin da bai isa ya ba shi ɗanɗano ba. Inna takan ce ta ƙoshi, ta turo mini nata saboda ina shayarwa, ni kuma kunya ta hana ni ci a gabanta, sai ta tashi kamar za ta duba kaji. Duk da haka nonona ya ragu, yarinyar ta koma yawan kuka.

Sai marka ta kama. Itace ya jiƙe, in na hura wuta hayaƙi ne kawai, idona ya yi ja kamar na sha kuka. Ashana ta yi sanyi, Inna a cikin ɗankwalinta take ɓoye ta. Gishiri ya narke a kwano. Zannuwan yarinyar ba sa bushewa, sai in shanya su a saman murhu, duk jikinta warin hayaƙi. Tabarma ta yi fumfuna, lungu ya zama rafi, kwaɗin kududdufin bayan gida ba sa shiru ko da rana tsaka. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙarar nan. Kina zaune sai ki ji dim daga nesa, ƙasa ta ɗan motsa a ƙarƙashinki. Kowa ya bar abin da yake yi ya ce innalillahi, sannan a fara tambaya ta kan katanga: "Na wa ne?"

Ranar da markar ta cika kwana bakwai, da safe na ga Baba yana zagaya ɗakuna cikin yayyafi, ya rufa da buhu. Sai ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya kara kunne. A nawa ya fi daɗewa. Sannan ya ce, "Amarya, yau a ɗakin kakarki za ku yini. Ba shawara ba ce."

Na ji, kuma na bi. Na kwashi yarinyar muka koma ɗakin Inna. Amma da hantsi ta fara kukan yunwa, kuma a nan na yi wautar da ta kusa kashe mu. Yaya za a yi in zauna gaban surukata in fitar da nono in bai wa 'yar fari? A zamaninmu wannan rashin ta-ido ne da za a yi ta yi da ke har ki tsufa. Inna ta ce, "Ba ta mana a nan, wa ke kallonki?" Na ce bari in ɗauko zani. Ƙarya nake yi. Na saɓe ta na tsallaka tsakar gida, na ce a raina minti nawa ne.

Na zauna a bakin gado. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, irin dogayen nan da ake yi wa amare, ƙarƙashinsa cike da kwanonin jere. Ta kama nono ke nan na ji wani abu yana zuba a kan tasa, siriri, kamar ana tankaɗe. Na ɗaga kai. Ƙasa ce take tsiyayowa daga tsakanin azara. Sai azarar ta yi ƙas. Na miƙe zan yi ƙofa, ƙofar ce ta fara tafiya, na ga haske ya rufe a gaban idona. Ban san yadda aka yi ba, na dai tsinci kaina a ƙarƙashin gado da yarinyar a ƙirjina, sannan sama gaba ɗaya ta sauko.

Wayyo Allah, duhu. Ban taɓa sanin akwai duhu irin wannan ba, wanda ko kin buɗe ido ko kin rufe duk ɗaya ne. Bakina cike da ƙasa. Ƙafata ta hagu tana waje, wani abu mai nauyi ya danne ta, ba na ma jin ta. Yarinyar tana tsala ihu a wuyana. Ni ma na yi ihu, na kira Inna, na kira uwata da ke Kufena, amma muryar ba ta zuwa ko'ina, a fuskata take dawowa. Na ce shi ke nan, kabari ne, tun da raina.

Can sai na ji dif, dif, dif a samana. Da farko na yi murna, mutane ne. Amma duk dif ɗaya sai gadon ya yi ƙara, ya ƙara sauka. Wayar gadon da take nesa da fuskata ta zo ta taɓa mini goshi. Ƙasa ta riƙa zubowa ta gefe. Na gane masu cetona ne suke tattake ni. Wallahi tsoron da na ji a wannan lokacin ya fi na faɗuwar soron, don ina ji ana kashe mu da alheri, kuma ba ni da bakin da zan ce su bari.

Abin da ya faru a waje daga baya Inna ta ba ni labari. Mazan lungu sun cika gidan da fartanya da diga da shebur, sun haye kan tulin ƙasar suna sara, kowa yana salati da iyakar muryarsa. Mata sun cika tsakar gida da kururuwa. Wata tsohuwa har ta fara cewa a ɗora ruwan wankan gawa. Baba ya shigo ya ce su sauko, ba wanda ya ji shi. Malam Isiyaku ya ce, "Baba Soja, koma gefe don Allah, ba lokacin wannan ba ne."

Inna ta ce sai ya koma zaure ya zaro bututun da yake tokare ƙyaure da shi, ya maka wa babban daron wanki. Sannan ya daka wata tsawa da yaren soja, muryar da ita kanta ba ta san yana da ita ba duk zaman aurensu. Ya kama ƙafar wani ƙato ya fizgo shi ƙasa.

"Ku sauko! Kuna danne su! Duk wanda ya sake yin tari a gidan nan sai na fasa masa kai. Ku ma mata, ku yi salatinku a zuci, Allah yana ji."

Gida ya yi tsit, sai ƙarar yayyafi. Ya zagaya tulin a hankali har ya ga kan sandar rumfar gadona ya ɗan leƙo daga cikin laka. Ya kwanta rubda ciki a cikin taɓo, ya buga mata bututun sau uku, ya ɗora kunnensa a kai.

Ni a ƙasa na ji tattakin ya tsaya, na ce sun haƙura da mu. Sai ƙarfen gadon ya amsa, har cikin haƙorana: ɗaya, biyu, uku. Na lalubo da hannu ɗaya, na samu murfin kwano, na buga wa ƙafar gadon sau uku da duk ƙarfin da ya rage mini. Inna ta ce Baba ya ɗago kai fuskarsa duk laka, ya ce, "Da rai."

Ya hana a taɓa saman. Ya ce ta gefe za a shiga, daga gindi, kamar gafiya, duk kamu ɗaya a tokare da azara da allon ƙyaure. Kafin a fara ya toshe bakin bututun da tsumma, aka riƙa dukansa a hankali yana ratsa ƙasar, shi yana bin bugun da nake yi. Na ji wani abu mai sanyi ya taɓa mini kafaɗa. Aka turo tsumman da karan dawa ya faɗo. Iska ta shigo, 'yar siririya, mai warin tsatsa. Ban taɓa shaƙar abin da ya kai ta daɗi ba.

Sai murya ta biyo iskar.

"Amarya! Angonki ne. Gaya wa uwarki kada ta sake yin ihu, iskar da ke wurin nan kaɗan ce, kuma ku biyu ne. Ta kwanta shiru, ta ja numfashi a hankali, ta kai hancinki bakin bututu. In na yi tambaya ta buga ɗaya in e ne, biyu in a'a ne. Ta ji?"

Na buga ɗaya. Ku yi dariya in kun ga dama, amma a cikin kabarin nan, da ƙasa a bakina, ban iya buɗe baki na amsa wa surukina ba. Shi ma ya sani, shi ya sa ya ba ni murfin kwano a madadin baki.

Aiki ya yi ta tafiya kamar ba a yi. Ina jin ƙarar fartanya can nesa. Sai wata sabuwa ta zo: ruwa. Ya fara da danshi a bayana, ya zama sanyi a haƙarƙarina, ya kai kunnena. Na ɗaga yarinyar na ɗora ta a kan wuyana, bayanta yana gogar wayar gado, babu inda zan ƙara kai ta. Numfashina ya fara fita da sauri. Ashe yana ji ta bututun.

"Amarya, an yi azahar. Uwarki tana haki, ban so. Bari in ba ki labari, ita ma ta saurara in tana so. Kin san angonki ya taɓa kwana a ƙasan teku?

"Da aka kai mu yaƙi, mu ba harbi muke yi ba, dako muke yi a wata tasha a bakin teku. Wata safiya aka ce ni da abokina Ɗanladi mu shigar da buhunan abinci cikin wani jirgi baƙi, dogo, ba taga ko ɗaya, ƙofarsa a sama kamar bakin rumbu. Shi wannan jirgi nutsewa yake yi da gangan, ya bi ta ƙarƙashi ya kai hari. Muna ciki sai jiragen sama suka zo. Na ji ƙarar da ban taɓa ji ba, ƙasa ta juye, wani Bature ya ja wata ƙofar ƙarfe ya murɗe ta. Fitilu suka mutu. Muna ji muna gangarawa har gindin jirgin ya zauna.

"Ni Bazazzagi, me na sani game da ruwa? Na kama ihu ina dukan ƙarfe. Sai babban Turawan jirgin ya lalubo ni cikin duhu, ya ɗora hannu a ƙirjina, ya kwantar da ni a hankali. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, amma na gane. Haka muka jeru a kwance, ba mai magana. Mutum ɗaya aka bari da sifana, in an jima ya buga jikin jirgin sau uku, mu kasa kunne. Da zuciya na yi sallolina. Kai yana sarawa, numfashi kamar kana hawan Kufena da kaya. Sai washegari muka ji an amsa daga waje. Uwarki tana ji?"

Na buga ɗaya. Ruwan ya kai gefen bakina, amma hakin ya ragu.

"Da za mu fita, da hannunsu suka buɗe wa ruwa hanya ya cika ɗakin har wuya, wai sai haka ƙofar sama za ta buɗu. Aka ɗaura mini wata riga mai taso da mutum. Baturen nan ya toshe mini hanci ya tura ni. Na buɗe ido na ga rana. Duk muka fita, Amarya. Ko mutum ɗaya ba a bari ba. Ku ma haka."

Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Ko mutum ɗaya ba a bari ba. Ita nake ta maimaitawa a raina, har ban lura da lokacin da yarinyar ta daina kuka ba. Shi ne ya lura.

"Amarya, shirun na mene ne? Fushi kike yi da ni? Uwarki ta buga ɗaya in kina numfashi."

Na taɓa ƙirjinta, hannuna ya mutu da sanyi, ba na jin komai. Na kai kumatuna bakinta, ban ji ɗumi ba. Na girgiza ta, wuyanta ya langaɓe. Ɗaya zan buga ko biyu? Ban sani ba. Ya sake tambaya. Murfin kwanon ya suɓuce daga hannuna.

"Habiba!" na ce. "Habiba! Habiba, tashi!" Sannan na kai bakina kan bututun. "Baba, ba ta motsi. Baba, ka taimake ni, 'yata ba ta motsi!"

Da ya sake magana, ba da Amarya ya yi ba.

"'Yata, saurara. Sa bakinki a hancinta ki tsotso abin da ke ciki ki tofar. Sannan ki hura mata kaɗan kaɗan. Kada ki daina. Ga ni nan zuwa."

Ramin ya kusa isowa, amma ƙunci gare shi, ƙattan ba za su shige ba, kuma Malam Isiyaku ya ce a dakata a ƙara tokari, don bakin yana zubowa. Inna ta ce Baba bai ko kalle shi ba. Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiyar guga a ƙafarsa, ya ba su ƙarshen. Ya durƙusa a bakin ramin, jikinsa yana rawa har ana jin haƙoransa. Mutumin da shekara talatin bai yarda an rufe ƙofa a kansa ba. Inna ta ce, "Malam, ba za ka iya ba." Ya ce, "Na sani." Ya rufe ido ya shiga.

Ina tsotsa ina tofarwa ina hurawa, sai ƙasa ta buɗe kusa da kaina, yatsu suka taɓa mini fuska. Hakinsa ya fi nawa. "Miƙo ta," ya ce. Na miƙa. Na ji ana jansa baya, sannan ba komai.

A duk yinin nan babu lokacin da ya kai wannan muni. Ƙirjina ba nauyi, hannuwana ba abin riƙewa, ruwa yana shiga bakina. Na kasa kunne a bututun, ba kuka, ba salati, ba komai, don har lokacin ba wanda ya isa ya yi tari. Ban san tsawon lokacin ba. Na fara roƙon Allah in ta tafi kada a dawo ɗaukata.

Sai na ji wani ɗan sauti ta cikin ƙarfen, kamar na ɗan akuya. Ya tsaya. Ya dawo da ƙarfi. Ashe da ta farfaɗo a hannun Inna, Baba ne ya karɓe ta ya kai bakinta kan bututun don in ji da kunnena.

Ya sake shiga karo na biyu da 'yar fartanya, ya tone ƙafata da hannunsa. Ana kiran la'asar aka jawo ni waje. Ba a fi rabin sa'a ba ramin ya rufta. Ƙafar ce har yau nake ɗingisawa da ita, in marka ta kama sai ta riƙa yi mini zogi.

Kada ku ɗauka daga nan muka zama abokan hira. Washegari na durƙusa gefe na kau da kai kamar kullum, shi kuma ya ce, "Amarya, gaya wa mutanen ɗakinku su sha romo." Ya mayar da bututunsa ya tokare ƙyaure. Gero ya nuna, aka yi tumu, yunwa ta wuce. Mutanen unguwa dai sun daina cewa yaƙi ya taɓa shi.

Bayan shekara bakwai, a ciwon da bai tashi ba, na kawo masa kunu zaure da rana. Ina bayan ƙofar cikin gida zan kira yarinyar ta zo ta karɓa, sai na ji yana yi mata magana. Na san ya ji tafiyata, don ɗingishina ba ya ɓuya.

"Amarya, akwai ƙaryar da na yi wa uwarki, ina so ki kai mata gyara. Na ce duk mun fita daga jirgin nan. Ɗakinmu ne ya fita. Akwai ɗakin baya, ƙofar da Baturen ya murɗe ita ce tsakaninmu. Ɗanladi ya wuce can da buhunsa, ni na tsaya gyara gammo. Muna kwance muna jin nasu bugun ta bayan ƙofar. Bayan an fitar da mu ma an ci gaba da jin sa har kwana biyu. Ba a kai gare su ba." Ya yi tari ya huta. "Tun ranar nake jin bugun nan, a ɗaki, a rijiya, a ko'ina. Na uwarki ne kaɗai na ji, na kuma kai ga mai shi. Ki ce ta yafe mini ƙaryar."

Yarinyar ba ta gane komai ba, tana ta wasa da carbinsa. Ni ina tsaye hawaye yana zuba a cikin kunun. Bakina ya ƙi buɗuwa, kamar kullum. Sai na ɗauke murfin kwanon na buga wa ƙyauren sau ɗaya.

Ya ce, "Amarya, gaya mata na ji."

Ɗazu da azahar wayar ta sake ƙara. Kafin ta fara faɗa na ce, "Na ji, uwar iyayi, zan koma." Na sa aka kwashe mini katifa da buta zuwa ɗakin bulo. Abu ɗaya ne ban bari kowa ya ɗauka ba. Na sunkuya da ƙyar na jawo shi daga ƙarƙashin gado, duk ya yi tsatsa. Matar jikana ta ce, "Hajiya, sanyi zai shigo, bari in rufe miki ƙofar." Na ce ta bar ta. Na tokare ƙyauren da bututun Baba, na zauna ina sauraron ruwa.